Martani: Ba Duk Wanda Ya Bi Sarkin Ingila Ne Maci Amana Ba

A fitowar da ta gabata wani malami ya yi rubutu kan yaƙin neman 'yancin Amurka, ya keɓe kusan rabin maƙalar ga mutanen da suka ƙi bin masu neman 'yancin, suka tsaya a kan biyayyarsu ga Sarkin Ingila. Hukuncin da ya yanke musu mai tsauri ne. A ganinsa maciya amana ne, 'yan tsiraru, attajirai da ma'aikatan gwamnati da suka ji tsoron a taɓa musu abinci. Ƙwace musu dukiya da korarsu daga ƙasa, in ji shi, abin da suka shuka ne suka girba, har ma an yi musu alfarma da ba a karkashe su ba. Daga nan ya kwatanta su da 'yan koren Turawa na zamanin mulkin mallaka a nan wajenmu. Ban yarda da wannan hukunci ba. Kwatancen ƙarshen nan kuwa shi ya fi damuna, domin shi ne zai fi saurin shiga zuciyar Bahaushe mai karatu, alhali a kife yake.

Ba na ja da Malam a kan cewa mutanen yankunan Amurka 13 da Ingila ke mulka suna da haƙƙin mulkin kansu, kuma majalisar Landan ba ta da hujjar ɗora haraji kan waɗanda ba su da wakili a cikinta. Inda muka raba gari shi ne kuɗin goron da ya yi wa mutum kusan rabin miliyan.

Kafin 1776 babu wata ƙasa mai suna Amurka da za a yi wa mubaya'a. Kowa a wurin talakan Sarki George na Uku ne. George Washington da kansa ya yi wa Sarki yaƙi da Faransawa a shekarun 1750. A watan Yulin 1775, bayan an riga an zubar da jini a Lexington da Bunker Hill, majalisar wakilan yankunan ta aika wa Sarki takardar roƙo tana jaddada masa biyayya, kuma Thomas Jefferson da John Adams da Benjamin Franklin duk sun sa hannu. Shekara guda bayan haka suka sauya matsayi. To wanda ya tsaya a inda kowa yake tsaye bara, wa ya yi wa alkawari ya saɓa? Malam ya jingina hujjarsa da Benedict Arnold. Arnold janar ne a rundunar Washington, ya yi rantsuwa, aka damƙa masa sansanin West Point, ya ƙulla cinikin sayar da shi ga Ingilishi a 1780. Wannan kam ya ci amana, babu mai musu. Amma a ɗauki laifinsa a shafa wa manomin da bai taɓa rantse wa kowa ba sai Sarki, wannan zalunci ne.

Kuma da yawa daga cikin mutanen Sarkin nan ba su goyi bayan harajin ba. Joseph Galloway, shugaban majalisar Pennsylvania, wakili ne a babban taron Philadelphia na 1774. Shi ya kawo shawarar a kafa wa yankunan majalisarsu ta haɗin gwiwa, wadda in ba ta amince ba babu wata doka ta Landan da za ta hau kansu. Yankuna 6 suka zaɓi a jingine shawarar, 5 suka so a ci gaba da ita, daga baya ma aka share ta daga kundin taron. Ƙuri'a guda ta raba. Mutumin da ya tsara wannan yana neman haƙƙin mutanensa ne ta hanyar da ba za a zubar da jini ba. Ana iya cewa ya yi kuskuren lissafi. Ba a iya cewa bai son ƙasarsa.

Batun 'yan tsiraru ma bai tsaya ba. Mutanen yankunan a lokacin kimanin miliyan 2.5 ne, kuma masana tarihi na ƙiyasta cewa kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na farar fata suna tare da Sarki. Kimanin 19,000 daga cikinsu sun ɗauki bindiga a rundunonin da aka kafa musu. A fafatawar Kings Mountain ta watan Oktoban 1780, mutum ɗaya tak ne a filin dagan ya zo daga Birtaniya, shi ne kwamandan mutanen Sarki, Patrick Ferguson. Duk sauran, ta nan da ta can, 'yan ƙasa ne, maƙwabta da surukai da 'yan ɗaki ɗaya. Bayan an gama, waɗanda suka ci nasara suka yi wa fursunoni shari'ar gaggawa, suka rataye 9. Sunan wannan yaƙin basasa. Har cikin gidan Benjamin Franklin ya shiga: ɗansa William shi ne gwamnan New Jersey, ya ƙi barin Sarki, aka kama shi a 1776, aka tsare shi a Connecticut, matarsa ta rasu yana kurkuku. Uban da ɗan ba su ƙara shiryawa ba har mutuwa ta raba.

Attajirai da ma'aikatan kwastan suna ciki, gaskiya ne. Amma akwai masu hayar gona a kwarin kogin Hudson da suka yi bore da sunan Sarki a 1777, saboda iyalin Livingston masu karɓar kuɗin hayarsu su ne jiga-jigan neman 'yanci a yankin. Akwai baƙin da suka zo daga tsaunukan Scotland suka zauna a North Carolina, waɗanda sai da suka rantse wa Sarki kafin a yanka musu gona, suka ga bai halatta su karya rantsuwar ba. Akwai 'yan ɗariƙar Quaker, waɗanda addininsu ya hana su yaƙi da rantsuwa baki ɗaya, aka ɗauki shirunsu a matsayin ƙiyayya. Wasu kuma duka ne ya mayar da su mutanen Sarki.

Ga Thomas Brown. Saurayi ne ɗan shekara 25 da bai daɗe da zuwa Georgia daga Ingila ba. A farkon Agustan 1775 mutum sama da 100 suka yi wa gidansa ƙawanya kusa da Augusta, suka ce sai ya sa hannu a takardar goyon baya. Ya ce a bar shi ya zauna ba ruwansa. Da suka matso ya jawo bindiga, suka fi ƙarfinsa, wani ya sauke masa gindin bindiga a ka har ƙoƙon kan ya tsage. Suka ɗaure shi a jikin bishiya suka hura wuta ƙarƙashin ƙafafunsa, suka feɗe masa wani sashe na fatar kai, suka shafe shi da kwalta, suka zagaya gari da shi a kan amalanke. Ya rasa yatsun ƙafa biyu. Da ya warke sai ya kafa rundunar da ta addabi masu neman 'yanci a Georgia da South Carolina har ƙarshen yaƙin. Malam zai ce ai ga shi nan, mugu ne. Ni kuwa ina tambaya: wane laifi ya yi kafin ranar nan ta Agusta?

Maganar alfarma kuwa, dokokin zamanin suna nan a rubuce. Kusan kowace jiha ta tilasta rantsuwar mubaya'a, wanda ya ƙi kuma ya rasa ƙuri'a, a wurare da dama ma ba ya iya kai ƙara kotu ko karɓar bashin da yake bi, lauya ko malamin makaranta ya rasa sana'arsa. A 1778 Massachusetts ta jera sunayen mutum kimanin 300 ta haramta musu ƙasar haihuwarsu, wanda aka kora ya sake dawowa hukuncinsa kisa. A 1779 New York ta jera mutum 59, har da mata 3, ta ƙwace duk abin da suka mallaka. Babu alƙali, babu shaida, babu damar kare kai. Majalisa ce ta rubuta suna, shi ke nan. A Connecticut tsohon ramin haƙar tagulla aka mayar kurkuku ana zura su ciki. A Philadelphia an kwashe mutum kusan 20, galibinsu 'yan Quaker, aka kai su Virginia ba tare da tuhuma ba, sannan a Nuwamban 1778 aka rataye wasu dattawa biyu na ɗariƙar, kafinta Abraham Carlisle da mai injin niƙa John Roberts, duk da dubban mutanen da suka sa hannu a yi musu afuwa.

Matar Galloway, Grace, ba ta bi mijinta ba da ya gudu. Ta zauna don ta tsare wa 'yarsu gadon da ita kanta ta ci daga mahaifinta, wanda dokar lokacin ta ɗauka mallakar miji ne. A Agustan 1778 jami'an ƙwace dukiya suka zo, ta kulle ƙofofi, suka ɓalle ta kicin suka shiga. Wanda ya kama hannunta ya fitar da ita daga gidanta shi ne Charles Willson Peale, mai zanen nan da ya shahara da zana hoton Washington. Ta rasu a 1782 a gidan haya, ba ta ƙara ganin mijinta ko 'yarta ba. Ita me ta shuka?

Na yarda ba a yi ta yanka mutane a dandali kamar yadda aka yi a juyin juya halin Faransa ba. Amma masanin tarihi R. R. Palmer ya auna biyun, ya gano cewa cikin kowane mutum 1,000, 24 ne suka yi gudun hijira daga Amurka, a Faransa kuwa 5. Maya Jasanoff, a littafinta na 2011 kan waɗannan 'yan gudun hijira, ta ƙiyasta su 60,000. Sama da rabinsu Nova Scotia aka sauke su, a gaɓar teku mai duwatsu, da yawa suka yi hunturun farko cikin tanti da bukkokin katako. Waɗanda suka fake a Florida ta Gabas sai da suka sake ɗaura kaya, don Ingila ta miƙa yankin ga Sifaniya a 1783.

Ba na wanke su tas. Rundunoninsu sun yi ta'asa a kwarin Wyoming da Cherry Valley a 1778. Ƙungiyar da William Franklin ya jagoranta bayan an sake shi ita ce mutanenta suka rataye fursuna Joshua Huddy a 1782. Mafi muni, masu hali a cikinsu sun fita da bayi kimanin 15,000 zuwa Jamaika da Bahamas da sauran wurare, suka ci gaba da bautar da su. Wanda ya yi kisa a tuhume shi da kisa. Abin da aka yi kuwa shi ne hukunta ra'ayi, da hukunta mata da 'ya'ya kan ra'ayin maigida.

Kuma wannan ba ra'ayina ni kaɗai ba ne, akwai waɗanda suka faɗe shi tun jini bai bushe ba. Alexander Hamilton dogarin Washington ne, shi ya jagoranci ɗaya daga cikin hare-haren ƙarshe a Yorktown a 1781. A 1784 ya rubuta wasiƙu a bainar jama'a yana sukar dokokin ramuwar gayya na New York, ya kuma tsaya a kotu yana kare mutanen Sarki. Hujjarsa ita ce ƙasar da aka kafa a kan doka, in ta fara hukunta mutane ba shari'a, kanta take rusawa. Sannu a hankali jihohi suka soke yawancin dokokin, kuma mafi yawan mutanen Sarki ba su je ko'ina ba, sun zauna sun zama 'yan ƙasa. Samuel Seabury, limami ɗan ɓangaren Sarki wanda Hamilton ya yi ta musayar rubutu mai zafi da shi kafin yaƙin, shi ya zama bishop na farko na cocin Episcopal a Amurka.

Yanzu ga kwatancen da 'yan koren Turawa. Malam ya ɗora Washington da Jefferson a gurbin kakanninmu da aka ci da yaƙi, ya ɗora mutanen Sarki a gurbin waɗanda suka yi wa Bature jagora. Amma masu neman 'yancin Amurka ba su ne 'yan asalin ƙasar ba. Turawa ne 'yan kaka-gida, rigimarsu da Landan rigimar 'yan uwa ce kan wa zai riƙe ragamar ƙasar da aka ƙwace daga wasu, ake nomawa da gumin wasu. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka fusata su shi ne dokar Sarki ta 1763 da ta hana su ƙetare tsaunukan Appalachia su mamaye ƙasar Jajayen Indiyawa. Takardar ayyana 'yancin ta 1776 da kanta ta lissafa cikin laifuffukan Sarki cewa yana tunzura bayi da Indiyawa a kansu. In Malam yana neman masu kama da mu a wannan labari, mutanen da aka mamaye da waɗanda aka bautar, to mafi yawansu a ɓangaren da ya la'anta suke.

Ƙabilar Mohawk, ƙarƙashin Joseph Brant da yayarsa Molly, sun bi Sarki ne don sun san wa ke kwaɗayin gonakinsu. A 1779 Washington ya tura Janar John Sullivan ƙasar Iroquois, gamayyar ƙabilun da Mohawk ke cikinta, ya ƙone garuruwa kimanin 40 da rumbunan masara da lambuna ana dab da hunturu. Ƙabilar Oneida da ta bi masu neman 'yanci ma ba ta tsira ba, cikin 'yan shekaru jihar New York ta raba ta da kusan duk ƙasarta. Gaba kura ce, baya sayaki.

Bayi kuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na mutanen yankunan. A Nuwamban 1775 gwamnan Virginia, Lord Dunmore, ya yi shelar 'yanta duk bawan ɗan tawaye da ya gudo ya ɗauki makami, a 1779 kuma Janar Henry Clinton ya faɗaɗa shelar. Ba don Allah suka yi ba, dabarar yaƙi ce, Dunmore kansa mai bayi ne. Amma bawa bai da wata ƙofa, don haka dubbai suka gudu, agana ta kashe da yawansu a sansanoni. Cikin waɗanda suka tsere akwai Harry, wanda aka kamo daga Afirka ta Yamma, George Washington ya saye shi a 1763, ya yi aikin haƙa a fadama, daga baya ya zama mai kula da dawaki a gandun Mount Vernon. A 1776, shekarar da ubangijinsa ke yaƙi da sunan 'yanci, Harry ya gudu ya shiga jirgin Ingilishi.

Yarjejeniyar Paris ta 1783 ta nuna cewa ita ma Ingila ba ta riƙe amanar mutanenta ba. Ba a ambaci Indiyawa ko da kalma ɗaya ba, aka miƙa ƙasarsu har zuwa kogin Mississippi, sai daga baya aka yanka wa mutanen Brant fili a bakin kogin Grand a Kanada. Game da dukiyar da aka ƙwace, abin da aka rubuta kawai shi ne majalisar Amurka za ta ba jihohi shawara su mayar, jihohin kuwa suka yi kunnen uwar shegu. Hukumar diyya da aka kafa a Landan ta karɓi koke 3,225 na sama da fam miliyan 10, ta biya kimanin miliyan 3, kuma talakan da bai da takardar shaida bai ga komai ba. Wani sashe na yarjejeniyar ma ya ce kada sojojin Ingila su tafi da baƙar fata, ya jera su tare da sauran kaya. A Mayun 1783 Washington ya gana da kwamandan Ingila a New York, Guy Carleton, ya nemi a dawo da bayin da suka gudu. Carleton ya ƙi, ya ce alkawarin da aka yi musu ba zai tashi ba. Ya sa aka buɗe rajista, aka rubuta sunayen mutum kimanin 3,000 da aka ɗora a jiragen ruwa. Sunan Harry Washington yana ciki.

A Nova Scotia ma ba su huta ba. Filin da aka yi musu alkawari ko dai bai zo ba, ko ya zo ɗan kaɗan kuma mai duwatsu. A ƙauyensu na Birchtown wasu rami suka haƙa suka rufe da itace suka kwana a ciki. A Yulin 1784 tsofaffin sojoji farar fata, su ma mutanen Sarki, suka far musu a Shelburne don suna karɓar lada mai arha, suka rushe gidaje har da na mai wa'azi David George. Wani tsohon saje mai suna Thomas Peters ya ɗauki kokensu har Landan a 1790. Sakamakon tafiyarsa, a Janairun 1792 mutum kusan 1,200 suka tashi daga Halifax cikin jirage 15, suka sauka a Saliyo, suka sare daji suka kafa Freetown. Garin nan ne daga baya ya zama masaukin bayin da aka ceto a teku, har da Hausawa, kuma a can ne Sigismund Koelle ya tattara kalmomin Hausar Kano da ta Katsina ya sa a kundinsa na harsunan Afirka na 1854.

Harry Washington yana cikin waɗanda suka sauka. Ya samu gona, ya noma. Amma kamfanin Ingilishi mai mulkin garin ya ɗora musu kuɗin ƙasa bayan an yi musu alkawarin ba za su biya ba, ya kuma hana su naɗa alƙalansu. A 1800 wasunsu suka rubuta dokokinsu, suka ce kamfani ya tsaya ga cinikinsa ya bar su su mulki kansu. Kamfanin ya murƙushe su da sojoji, ya rataye biyu, ya kori wasu daga garin. Harry Washington, yana dattijo mai kusan shekara 60, yana cikin waɗanda aka kora zuwa gaɓar Bullom, a ƙetaren kogin Saliyo.